Shekarar da Kokon Lariba Ya Ƙi Tsami

In kana neman Lariba a Moshi Zongo kada ka wahalar da kanka da tambayar lambar gida, babu mai ba ka. Ka ce mai kokon bakin masallacin kafintoci, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka da baki. Tana nan tun kafin rana ta ɗago, a kan wata gajeriyar kujera ta katako, gabanta babbar tukunya an naɗe ta da tsohon bargo don kada zafi ya gudu, gefe kuma bokitin sukari da kwanon soyayyiyar gyaɗa. Gajeriyar mace ce mai ƙaramar murya, shekarunta sun ɗan haura hamsin da biyar. Ba ta da yawan magana amma tana da baki, in ta jefa maka kalma ɗaya da safe sai ka wuni kana juya ta. Masu koko a Tamale ba sa ƙirguwa, kowane lungu da tasa, amma akwai masu tuƙo babur tun daga Kanvili su wuce tukwane goma don su sha nata. In ka tambaye su dalili sai su ce tsaminsa ne, kuma ba su iya faɗin fiye da haka.

Tsamin nan ba nata ba ne, na uwarta ne, kuma ita ce za ta fara faɗa maka haka. Mma Sala 'yar Salaga ce. Ta zo Tamale da cikin Lariba a bayan wata lori mai ɗaukar doya, lokacin da mijinta ya samu aikin gadi a wani sito. Duk tsawon hanyar abin da ta riƙe a cinya ba akwati ba ne, wani ɗan tulu ne da aka toshe bakinsa da tsumma, cike da ruwan tsami. Ga wanda bai san aikin ba, ana jiƙa gero ne, a niƙa shi da citta da kanumfari da masoro da barkono, a tace, a bar ƙullun ya kwanta. In ya kwana sai ya yi tsami, ruwa ya taso sama, wannan ruwan ake tafasawa a dama kokon da shi. Yawancin masu sana'ar sukan juye shi duka a tukunya, ƙullun gobe kuma su bar shi ya nemo tsaminsa da kansa. Mma Sala ba ta yarda da haka ba. Kullum sai ta cika ɗan tulun nan ta ajiye, in ta tace sabon ƙullu ta juye masa, in shi ma ya yi ta sake cika tulun. Saboda haka a kokon yau akwai na jiya, a na jiya akwai na shekaranjiya, haka har Salaga, har wurin kakar da Lariba ba ta taɓa gani ba. Abin da ke cikin tulun suna kiransa uwa.

Ba a taɓa barin uwa da yunwa ba. Ranar da aka haifi Lariba maƙwabciya ce ta tace ƙullu ta juye, Mma Sala tana kwance tana ba da umarni ta bayan labule. Da azumi aikin yakan koma yamma, amma ba ya tsayawa. Ranar da aka kai Mma Sala makwancinta, shekara goma sha tara da suka wuce, Lariba ta zame daga cikin masu zaman makoki ta shiga madafa ta tace ɗan ƙullu. Mata suka yi ta ƙus-ƙus, wai ko yini ɗaya ba za ta ɗaga wa sana'a ƙafa ba. Ba sayarwa za ta yi ba, ta dai san da tsohuwar za ta iya ɗago kai, abin da za ta fara tambaya ke nan.

Makarantar boko shekara uku ta yi ta ajiye. Ba wanda ya cire ta, ita ce ta ga hancinta ya fi kanta kawo haske. Tun tana 'yar shekara goma takan shigo tsakar gida ta ja iska ta ce yau ƙullu ya wuce, a sassauta masa da ruwa, kuma in an duba haka ne. Mma Sala ba mai yabo ba ce, iyakarta ta miƙa mata ludayi ta koma gefe tana tauna asawaki.

Da ta isa aure ta zaɓi Zubeiru, wani mai gyaran keke a Aboabo, dogo mai sanyin hali, wanda duk unguwa ke kira Afa Zubeiru, wato malam, ko da yake karatun allonsa bai wuce izu biyar ba. Ƙawayenta suka ce ba shi ta aura ba, rijiyar gidansu ta aura. Ba ta musa duka ba. A Tamale ruwa ba abin wasa ba ne. Famfo yakan yi mako biyu yana tari babu ɗigo, da rani mata na yawo da jarkoki daga wannan unguwa zuwa waccan. Gidan su Zubeiru kuwa akwai rijiyar da kakansa ya haƙa, ba ta da zurfi can, gaba huɗu ce, amma ba ta cika ƙafewa ƙaf ba, kusa da ita ga wata darbejiya mai inuwa. Da ruwanta Lariba ta yi shekara talatin da huɗu tana jiƙa gero tana tace ƙullu, da kokon kuma ta raini 'ya'ya huɗu har ta aurar. Babu ɗaya a cikinsu da ya karɓi ludayin. Najat, wadda ta fi sa wa rai, tana Kumasi tana ɗinki. Abin yana damunta, ba ta ɓoyewa, amma takan ce muddin uwa na raye akwai sauran lokaci.

Da babura suka cika gari gyaran keke ya ja baya, gwiwoyin Afa Zubeiru ma suka fara ƙorafi, sai ya rufe rumfar ya koma kiwon zabi a bayan gida. Duk wanda ya taɓa kiwon zabi ya san 'yan tsakinsu ba su da wata sana'a sai mutuwa. Ka rufe sittin ka buɗe arba'in, ko sallama babu. Da farko yakan sayo tupaye, kafson nan ja da rawaya da mutane ke sha don ciwon ciki da ƙurji, ya ɓare ya zazzage a ruwan shansu. Daga baya ya gano garin maganin kaji mai ruwan ƙwai, wanda ake samu a leda a shagunan kayan noma ba tare da an tambaye ka komai ba. Har ya zama da ciwo ko babu ciwo, kullum sai ya kaɗa musu. Da yake kuma Afa ne, ba ya kaɗawa sai ya yi bisimilla ya tofa addu'a a kaskon.

Daga nan abin ya samo asali. A wurinsa duk ruwan da aka ambaci sunan Allah a kai ba a watsa shi a gota, wato kwata, inda za a taka shi da ƙazanta. Haka ya tashi ya ga ana yi da ragowar rubutu, a nemi gindin itace a tsiyaye a hankali. To gidan itacensa ɗaya ne. Shekara shida yana ɗauraye kasake uku safe da yamma yana zuba ragowar a gindin darbejiya, kashin zabin ma in ya share nan yake tarawa kafin masu lambu su zo ɗiba. Lariba tana gani, kuma abin burge ta yake yi. Takan ce wa mata mijinta ko ruwan zabi ba ya wulaƙantawa.

Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Maris, wani mai shago da zai bar sana'ar ya yi wa Afa alheri da kwali guda na garin maganin, wanda kwanan watansa ya wuce. Da ya buɗe a gida ya tarar fiye da rabi ya dunƙule ya yi tauri, wasu ledojin sun fashe. Ya ware masu kyau, ya ɗaure sauran a bayan keke zai kai bola. Lariba ce ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce bolar da awaki ke kiwo, yara ke tonon gwangwani, a can zai zubar da abu mai kama da garin kwastad? In ɗan wani ya lasa fa? Ta ce ya binne a gida inda idonsu ke kai. Ya ga gaskiyarta. Ƙasar Maris kamar siminti take, gindin darbejiya ne kaɗai yake a jiƙe kullum, nan ne kuma diga ta yarda ta shiga. Ya haƙa iya gwiwa, taku biyar daga bakin rijiya, ya saka kwalin ya rufe, har ya ɗora dutse saboda zabi masu tono. Su biyun suka wanke hannu suna jin sun yi abin kirki.

Ruwan farko ya sauka ƙarshen Afrilu, mai ƙarfi, kwana biyu a jere. Rijiya ta taso har guga ba ya cin rabin igiya. Ruwan ya ɗan yi launi, amma haka yake yi duk farkon damina. Ya ɗan yi ɗaci a harshe, suka ce saiwar darbejiya ce ta kai gare shi. Da ma ba shi suke sha ba, na leda suke sha, don haka ba wanda ya ƙara bi ta kansa.

Kwana uku bayan haka Lariba ta buɗe randar ƙullu da asuba ta sunkuya, ba ta ji komai ba. Ƙullun ya kwanta, ruwa ya taso yadda ya saba, amma ƙamshin nan mai tsinka hanci babu shi, sai ɗanyen gero. Ta ce sanyin ruwan sama ne, ta ƙara citta ta dama haka. Washegari ma haka. Sai ta shiga neman mai laifi. Ta fara da matar da ta yi shekara ashirin tana sayen gero a wurinta a kasuwar Aboabo, ta ce sabon gero aka gauraya mata da tsoho, ta koma wata rumfa. Ta canza injin niƙa. Ta wanke randuna da toka ta shanya su a rana, ta sayo sabon ƙyallen tata. Duk wannan tsafta kuwa da ruwan rijiya take yin ta, guga bayan guga.

Mutanen unguwa suna da kara, ba wanda ya ce komai da farko, sai dai kofuna suka fara dawowa da saura. Alhaji Imoru, wani tsohon tela da ya sha kokon tun a hannun Mma Sala, shi ya fara furtawa.

"Mma Lariba, koko nan ba shi magana kwana biyu."

"Ya gaji ne, Alhaji," in ji ta. "Shekara nawa shina magana ba ku ji."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta jiƙa tsamiya ta zuba, wa zai sani. Ta yi sau ɗaya. Alhaji Imoru ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, ya tambaye ta lafiyar mutanen gida, ya tafi. Kunyar da ta ji ranar ba ta taɓa jin irinta ba. Ta rabar da sauran sadaka, washegari kuma ba ta fita ba. Masu saye ba su ne damuwarta ba, ta san in abu ya gyaru za su dawo. Tsoronta uwa. Kwana goma sha biyu ke nan tana juye ta a ƙullun da ba ya amsawa tana sake cika tulun da abin da ya taso, kuma duk safiya in ta kai hanci bakin tulun sai ta ji ƙamshin ya ƙara nisa. Daga ranar ta daina juyewa. Ta toshe tulun ta tura shi ƙarƙashin gado.

Akwai wata Bafulatana mai tallar nono da wagashi, wato cuku, Adijatu, da takan sauke ƙwaryarta a gidan da hantsi ta huta a inuwar darbejiya. Sun fi shekara goma suna musaya, kofin koko da ludayin nono. Ta yi mamakin samun Lariba a gida a lokacin ciniki, Lariba kuma da ta gaji da riƙe abin a ciki ta zayyana mata komai, har ta buɗe mata randa. Adijatu ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, sannan ta yi murmushi.

"Mma, an yi ma gero nan allura ne?"

Lariba ta ɗauka ba'a ce, har ta fara haɗe rai. Adijatu ta ce ba wasa take yi ba. Duk lokacin da mijinta ya yi wa saniya allurar nan mai ruwan ɗorawa, madararta ba ta kwana ta zama nono. Ko ka zuba mata tsohon nono a ƙwarya haka za ta wayi gari tsululu, daga baya ta lalace, sai an yi kwanaki ana zubarwa kafin jikin saniyar ya wanke. Ta ce wannan salam ɗin da ta ji a ƙullun shi ne dai wancan. Lariba ta ce ai gero ba ya zuwa wurin likita.

"To me shi ke sha?" in ji Adijatu.

Ranar Lariba ta jiƙa gero a kwano biyu, ɗaya da ruwan rijiya, ɗaya da ruwan leda, ta niƙa kowanne daban ta tace kowanne da ruwansa. Ba ta sa wa ko ɗaya uwa ba, ba ta da zuciyar taɓa tulun. Safiya ta uku na ruwan leda ya fara tashi, tsami ɗan siriri amma tsami ne. Na rijiya kuwa yana nan jiya i yau. Ta kira Afa ta miƙa masa kwanonin ɗaya bayan ɗaya. Ya sansana wannan ya sansana wancan, ya dubi gindin darbejiya, ya shiga ɗaki ya ɗauko diga.

Kwalin ya narke, ledojin sun fashe, garin ya bi ƙasa ya rina ta rawaya har inda hannu ba ya kaiwa. Abin da ya fi tsaya wa Lariba a rai ba launin ba ne. Da damina duk inda ka sa fartanya a gidan sai tana ta fito tana murɗe-murɗe, amma a ramin nan, da duk kewayen da Afa ya yi shekaru yana tsiyaye ruwan zabi, ba su ga ko ɗaya ba. Ganyen da ya zubo tun bara yana nan a ƙasa yadda ya faɗi, ya yi baƙi amma bai ruɓe ba. Afa ya ajiye digar ya zauna a kan turɓayar da ya tono.

"Ni ne, Lariba," in ji shi.

"Ni na ce ka binne, Afa. Tashi, wandonka zai ɓaci."

Cikin masu sayen kokonta akwai Abdulgafaru, ma'aikacin lafiyar dabbobi, sai ta aika aka kira shi. Ya tsuguna ya duba ramin, ya leƙa rijiyar, ya karanta abin da ya rage na rubutun wata leda. Bai yi musu faɗa ba. Ya ce maganin nan bai san abokin gaba da na gida ba. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke sa ƙullu tsami, su ne ke ruɓar da ganye ya zama taki, kuma duk inda maganin ya taru sai ya bi ta kansu tare da masu kawo cuta. Waɗanda suka tsira kuwa sukan yi taurin kai, in irinsu suka shiga jikin mutum ta ruwa ko ta ganyen lambu sai a sha tupaye kamar an sha ruwa. Ya ce yawancin abin da zabo ya sha ta kashinsa yake fita, don haka masu lambun da ke ɗibar takin ma suna kwasar rabonsu. Ya cika kwalba da ruwan zai kai a auna, ya ce a kwashe ƙasar a buhuna zai nemo inda ake ƙona irin wannan, rijiya kuma a rufe. Da Lariba ta tambaye shi zuwa yaushe, sai ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, bai sani ba. Ya ƙara da cewa ruwan ƙasa bai san katanga ba. Gida biyu a layin suna da rijiya, kuma ita da kanta ta yafa mayafi ta je ta faɗa musu, ba ta bari Afa ya je ba. Daga can ta wuce kasuwar Aboabo ta ba mai gero haƙuri.

Saura uwa. Ta sa mai motokin, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ya kawo mata ruwan famfo jarka huɗu, ta jiƙa gero mai kyau, ta tace, ta jawo tulun daga ƙarƙashin gado ta juye abin da ke ciki har ɗigon ƙarshe a wata ƙaramar randa, ta rufe. Shi ke nan abin da ta iya yi, sai jira. Afa ya daina kaɗa wa zabi magani, ya kuma kusan daina cin abinci. Duk safiya yakan tsaya a ƙofar madafa ya ce yaya, ita kuma ta ce da sauƙi, kamar masu jinya. Rana ta farko babu komai. Rana ta biyu wata 'yar kumfa ta taso, ta sa rai.

Rana ta uku Juma'a ce. Ta bari sai da Afa ya tafi masallaci sannan ta ɗaga murfin. Ba sai ta sunkuya ba. Wari ne ya taso, na abin da ya ruɓe, saman ruwan ya yi yauƙi da toka-toka. Hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba, ranar ma bai yi ba. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, kuka sosai, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar jana'izar Mma Sala saboda tana tatar ƙullu. Baƙin cikinta shi ne abin ya tsallake hanyar Salaga a bayan lori, ya tsallake haihuwa da mutuwa da fari, ya zo ya ƙare a hannunta, kuma ba da mugunta ba, da kyakkyawar niyya. Da ta gama ta haƙa ɗan rami a bayan ɗaki ta juye randar ta rufe. Ta wanke tulun ta kife shi a rana. Kwanon gwajin nan na ruwan leda yana gefe, tana ta ƙara masa sabon ƙullu don kada ya lalace a banza, tsaminsa kuma ya fara kama jiki. Kafin a sauko daga masallaci ta cika tulun da ruwansa ta mayar da shi inda yake zama.

Bayan mako guda ta fito da tukunya. Labari ya zaga, kafin rana ta yi zafi masu babura sun jeru. Alhaji Imoru ya sha kofi guda ya miƙo a ƙara, ya ce alhamdulillahi, kokon Mma Sala ya dawo. Kowa ya ce haka, wasu ma suka ce ya fi na da. Ta yi ta godiya tana zuba sukari. Koko ne mai kyau, ba ta da abin kushe masa, amma tsaminsa a bakin harshe yake tsayawa ya wuce da sauri. Na uwarta can maƙogwaro yake zama, ka tashi ka tafi yana biye da kai. A duk layin nan ita kaɗai ta san bambancin.

Da hantsi ta koma gida da kofin Afa, wanda kullum takan rage masa daga ƙasan tukunya. Ta same shi zaune kusa da rijiyar, an rufe ta da kwano an danne da duwatsu, yadda take har yau. Ya rame a makonnin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya karɓi kofin da hannu biyu bai sha ba, ya daɗe yana kallonsa.

"Lariba, gaya mini gaskiya. Ita ce?"

Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ko a kan gishiri. Ta dubi yadda ya rame.

"Ita ce, Afa. Ta tashi. Sha kafin ya huce."

Ya sha har ƙasa, ya yi hamdala sau uku, kafaɗunsa suka sauka. Ta karɓi kofin ta shiga madafa, geron gobe yana jiran tata.